Etymonline a kan sikeli: gwaji da kalmar “concur” da 'yan uwanta

Duk mai fassara labaran kotu ko na majalisa daga Turanci zuwa Hausa ya san inda gizo ke saƙar. Turanci na da aikatau aƙalla shida da ƙaramin ƙamus zai ce maka ma'anarsu yarda ko amincewa: agree, concur, assent, consent, accede da acquiesce. Idan lokaci ya ƙure a ɗakin labarai, duk “ya amince” ake liƙa musu. Mai sauraro sai ya tashi bai san ko ra'ayin alƙali ne ya zo ɗaya da na abokin aikinsa ba, ko gwamna ne ya ba da izini, ko kuwa wani aka matsa wa lamba har ya sauko. Ɗaya daga cikin wuraren da ake zuwa neman bakin zaren shi ne shafin Online Etymology Dictionary, wanda aka fi sani da Etymonline, kuma da waɗannan kalmomi muka auna shi.

Wani Ba'amurke ne, Douglas Harper, ɗan jarida kuma marubucin tarihi daga jihar Fensilbaniya, ya kafa shafin a 2001. Kyauta ne, talla ce ke ɗaukar nauyinsa, akwai kuma manhajarsa ta waya. Yawancin abin da ke ciki ba sabon bincike ba ne. Harper ya tattaro ne daga manyan ƙamusoshin asalin kalmomi, irin na Weekley na 1921, da na Klein, da na Barnhart na 1988, da babban ƙamus ɗin Oxford bugu na biyu na 1989 mai juzu'i 20, ya tace, ya mayar da bayanin kowace kalma sakin layi ɗaya ko biyu da mutum zai karanta a waya. Tun a shafin farko ya faɗa ƙarara cewa asalin kalma ba ma'anarta ba ce, bayani ne na yadda aka yi amfani da ita shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Wanda ya tsallake wannan gargaɗi shi ne shafin zai cuta.

Rubuta concur a akwatin bincike. Abu na farko da za ka duba shi ne harafin da ke gefen kalmar: v. na nufin aikatau, n. na nufin suna. A concur babu ruɗani, amma assent da consent kowacce tana da shiga biyu, aikatau da suna, kuma tarihinsu ba lallai ya zo ɗaya ba. Bayanin concur ya fara da “early 15c.”, wato farkon ƙarni na 15. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan c. ta biyo bayan lamba, ƙarni take nufi, kuma ƙarni na 15 shekarun 1401 zuwa 1500 ne, ba 1500 da 'yan kai ba. Idan kuwa ta zo kafin lamba, kamar “c. 1300”, to “wajen 1300” ake nufi. “1580s” kuma shekaru goma ne, daga 1580 zuwa 1589. Sannan shekarar da aka ba ka ba ranar haihuwar kalmar ba ce, rubutu mafi tsufa ne da ya tsira yana ɗauke da ita. Baki kan riga alƙalami da shekaru masu yawa.

Ma'anar da shafin ya kawo ta farko ita ce za ta ba mai karatu mamaki: sa'ad da concur ta shigo Turanci, karo take nufi, yin arangama da abokin gaba. Daga Latin aka ɗauko ta, concurrere, wadda ta haɗa com, “tare”, da currere, “yin gudu”. Gudu tare ke nan, ko rugawa wuri guda. Idan runduna biyu suka rugo wuri guda, faɗa ne. Idan jama'ar gari suka rugo wuri guda, taro ne. Idan al'amura biyu suka rugo wuri guda, sun auku lokaci ɗaya. Idan ra'ayoyi ne, sun dace. Shafin ya sa ma'anar dacewar ra'ayi a shekarun 1580, ta aukuwa lokaci guda kuma a shekarun 1590. Ma'anar arangama ta mutu a Turanci, sauran biyun suna nan da ransu, kuma dukkansu suna cikin dokokin Najeriya.

Wannan shi ne babban amfanin Etymonline, kuma a nan ya cancanci yabo. Layi huɗu ya isa ya warware abin da ƙamus na fassara ke bari a cakuɗe. Ɗauki Kotun Ƙoli, inda alƙalai 5 ke zama a kan shari'a, ko 7 idan batun fassara tsarin mulki ne. Ɗaya ya karanta babban hukunci, sauran kowa ya faɗi nasa a rubuce. Wanda ya ce “I concur” ba izini ya bayar ba, ba kuma roƙonsa aka yi ya yarda ba. Ya bi tasa hanyar ne ya iso inda ɗan uwansa ya iso. Hausar da ta dace ita ce “ra'ayinsa ya zo ɗaya da na mai shari'a wane” ko “ya goyi bayan hukuncin”. Akwai ma lokacin da alƙali zai yarda da sakamakon amma ya kawo nasa dalilan daban, Turanci ya ce ya yi concur “in the result”, kuma mai fassara da ya ce “ya amince da duk abin da aka faɗa” ya yi wa alƙalin ƙarya. Haka ƙudirin da Majalisar Dattawa ta zartar ta aika wa Majalisar Wakilai “for concurrence”: ana neman ita ma ta zartar da shi ne a matsayinta na takwara, ba ta sa albarka daga sama ba.

Ɗaya ma'anar kuma, ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, ita ce a cikin concurrent, kuma babu yarda a cikinta ko kaɗan. Idan kotu ta ɗaure mutum shekara 5 a tuhuma ɗaya, shekara 3 a wata, ta ce hukuncin ya tafi concurrently, shekara 5 zai yi, domin wa'adin biyu tare za su gudana. Da consecutively aka ce, shekara 8 ce. Concurrent Legislative List da ke jadawali na biyu na tsarin mulkin 1999 shi ma ba jerin abubuwan da aka amince da su ba ne, jerin fannonin da tarayya da jihohi duka ke da hurumin yi wa doka ne. Wanda ya riƙe hoton gudu tare a kansa ba zai ƙara haɗa waɗannan da amincewa ba.

Kowane ɓangare na bayanin ana iya taɓa shi a shiga ciki. Taɓa com za ka ga abin da shafin ke kira “assimilated form”, wanda ba komai ba ne illa naso, irin wanda ke sa mu rubuta “gidan biki” mu furta “gidam biki”. Ɗafa-goshin com yakan koma con, col, cor ko co gwargwadon baƙin da ya biyo baya, kamar yadda ad, “zuwa ga”, ke komawa as a assent, ya koma ac a accede da acquiesce. Taɓa *kers- kuma ya kai ka saiwar da masana suka ƙaddara a kakan harsunan Indiya da Turai, wanda shafin ke taƙaitawa PIE. Tauraron da ke gabanta alama ce cewa ba a taɓa samun ta a rubuce ba, kwatanta harsuna aka yi aka gano ta. Kada ɗalibi ya rubuta ta a jarrabawa kamar kalmar da aka tono a wani tsohon littafi. A ƙarƙashinta akwai dangi masu yawa: current, course, occur, courier, currency, har da car da charge ta hanyar kalmar Latin carrus, wadda Rumawa suka aro daga mutanen Gaul. Ke nan “kwas” da ma'aikaci ke tafiya da “caji” da muke sa waya dangin concur ne na nesa. Wannan sashe yana da daɗin karatu ƙwarai, yana kuma cin lokaci. Mai aikin gaggawa ya bar shi sai ya gama.

Bayanin agree ya fi na concur tsawo, kuma hanyarsa daban ce. Ba kai tsaye daga Latin ta zo ba, ta Faransanci ta biyo a ƙarshen ƙarni na 14. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, shi ya sa kalmomin shari'a da mulki da yawa ta nan suka shigo. Tsohon Faransanci agreer ya fito daga a gré, “bisa son rai”, shi kuma gré daga Latin gratum, abin da ke faranta rai, tushen da ya ba da grace da grateful. Saboda haka a farko agree na iya nufin faranta wa mutum rai. Wannan ma'ana ta maƙale a agreeable, da kuma inda Bature ke cewa abinci bai yi agree da shi ba, abin da mu muke cewa bai karɓe shi ba. Ma'anar ɓangarori biyu su daidaita, da ta ra'ayi ya zo ɗaya, a ƙarni na 15 shafin ya ajiye su. Abin sha'awa, masana harshe da dama na danganta “yarda” tamu da Larabci yarḍā, daga tushen da ya ba da riḍā, gamsuwar zuciya. Idan haka ne, agree da yarda hanya iri ɗaya suka bi, daga jin daɗin abu zuwa karɓarsa. “Amince” kuwa dangin amana da aminci ce, shi ya sa take ɗauke da nauyin dogaro da mutum wanda babu shi a concur.

Sauran huɗun shafin ya bi da su a taƙaice, kuma taƙaicin ya wadatar. Assent da consent duka wajen 1300 suka bayyana, duka daga sentire, “ji”. Accede daga cedere ce, “tafiya” ko “ja da baya”, ta shigo a ƙarni na 15. Acquiesce ita ce auta, ta ƙarni na 17, daga quies, “hutu”, tushen quiet: mutum ya yi shiru ya bar abu ya wuce ba tare da ya ce a'a ba. Ga wannan Hausa na da abin da ya fi “amince” dacewa nesa ba kusa ba: ya kau da kai, ya zuba ido, bai ce uffan ba.

To amma a kan assent da consent ne iyakar shafin ta fito fili. Tushensu ɗaya, shekarunsu ɗaya, kuma idan asali kaɗai ka bi za ka ɗauka consent, “ji tare”, ta fi kusa da tausayi ko fahimtar juna. A aikace ba haka ba ne. Consent izini ne daga wanda abin ya shafa ko wanda ke da iko a kai: izinin majiyyaci kafin a yi masa tiyata, ko izinin gwamna da sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta kafin mai takardar mallaka ya sayar da fili ko ya jinginar da shi. Assent kuwa na'am ne da abin da wasu suka riga suka tsara. Sashe na 58 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya bayyana assent ɗinsa ga ƙudiri ko ya hana, idan ya hana kuma kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya mayar da shi doka ba tare da shi ba. A Hausar labarai “ya sa hannu” ko “ya rattaba hannu” ita ce daidai. Al'adar daga Birtaniya aka gaje ta, inda har yau ake shelanta amincewar sarki da tsohon Faransancin Normandawa, “Le Roy le veult”, wato sarki ya so haka, kuma rabon da a hana wani ƙudiri wannan amincewa tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Ba za ka samu wannan bambanci na aiki dalla-dalla a bayanin aikatau biyun ba. Haka accede: asali ba zai gaya maka cewa a yau tana da fuska uku ba, sauko wa buƙatar wani bayan an ja, shiga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da wasu suka riga suka ƙulla, da hawa gadon sarauta.

Abu na biyu da ya rasa shi ne ginin jimla, kuma nan ne ɗaliban da ke shirin WAEC da JAMB ke zubar da maki. Shafin ya nuna concurred da concurring a ƙarshen bayani, amma bai ce me ya sa r ta zama biyu ba. Dalilin shi ne nauyin furuci na kan gaɓa ta ƙarshe, kamar a occur da refer. Wannan nauyin ne kuma ke raba concur da conquer, wadda nata ke kan gaɓar farko, ma'anarta cin yaƙi, tushenta quaerere, “nema”, babu abin da ya haɗa su sai kamannin sauti. Ba zai koya maka cewa concur na tafiya da with idan mutum ne ko ra'ayinsa, da in idan hukunci ne, ko cewa agree with na mutum ne, agree to na shawara ko sharaɗi, agree on na batun da aka tattauna aka cimma matsaya. Assent, consent da accede duka to suke ɗauka, acquiesce kuma in ko to. Don waɗannan, ƙamus ɗin masu koyo na Oxford ko na Cambridge ya fi, dukkansu kyauta a intanet. Ƙamus ɗin Merriam-Webster kuma yana da ɗan sakin layi a ƙarƙashin kalmomi irin waɗannan da ke jera masu kama da juna ya faɗi inda suka rabu, kuma ga mai fassara wannan sakin layi ya fi komai saurin biyan buƙata.

Masu karatu daga Nijar, da duk wanda ya yi boko da Faransanci, suna da wani tarko na musamman da shafin ba zai nuna musu ba, ko da yake bayaninsa na taimakawa a gane dalili. A Faransanci concurrence gasa ce, musamman gogayyar 'yan kasuwa, concurrent abokin hamayya ne, concours kuma jarrabawar gasa ce irin wadda ake yi don shiga aikin gwamnati. A Turanci concurrence dacewar ra'ayi ce. Gudu tare ɗin nan ne dai, Faransanci ya kalle shi a matsayin tsere, Turanci ya kalle shi a matsayin haɗuwa a zango ɗaya. Agréer ma ba ita ce agree ta yau da kullum ba. Karɓa ce ta hukuma, ita ce a “veuillez agréer” na ƙarshen wasiƙa, kuma agrément shi ne lasisin da hukuma ke ba makaranta ko ƙungiya, ko amincewar da ƙasa ke yi da jakadan da aka turo mata. Abin da ke daidai da agree a baka shi ne “d'accord” da ake ji a Maraɗi da Damagaram, wanda tushensa cor ne, zuciya.

Ga mai bincike na jami'a, babbar matsalar ita ce madogara. Shafin yana da jerin littattafan da ya dogara da su, kuma wani lokaci yakan ambaci sunan masani a cikin bayani, amma yawancin shekarun da yake bayarwa ba ya nuna jimlar da aka samo su ko littafin da ya faɗa. Ka ga “1580s” amma ba ka ga wanda ya rubuta ba. Shi ya sa za ka iya tarar da wata shekarar daban a Merriam-Webster, ba don wani ya yi ƙarya ba, sai don kowa da ma'anar da ya ƙirga da rubutun da ya samu. Mai rubuta kundin digiri ya ɗauki Etymonline a matsayin manuni, sannan ya tabbatar a babban ƙamus ɗin Oxford idan ɗakin karatun makarantarsa na da rajista, ko a Middle English Dictionary na Jami'ar Michigan, wanda yake kyauta kuma yana kawo ainihin jimlolin Turancin tsakiyar zamani da shekarunsu. Zanen da ke ƙasan shafi mai nuna hawa da saukar amfani da kalma daga littattafan da Google ya tattara aka ɗauko shi, ba ya bambance ma'ana da ma'ana, kada a gina hujja a kansa. Ba kuma nan ne wurin neman Turancin Najeriya ba. Oxford ne ya shigar da kalmominmu 29 a Janairun 2020, ciki har da Kannywood da okada.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta sa muka ƙara yarda da shi. Nemi jibe, aikatau na Turancin Amurka mai nufin dacewa, kamar a ce maganar shaidu biyu ta zo daidai. Shafin ya ba da 1813, ya ce ba a san asalinta ba, sannan ya kawo hasashe biyu, ɗaya na danganta ta da juya filafilan jirgin ruwa, ɗaya na ganin wani furuci ne na chime, wato kaɗawar ƙararrawa, ya bar su a matsayin hasashe. A intanet inda kowa ke da labari mai daɗi kan asalin kowace kalma, wanda zai tsaya ya ce a nan sani ya ƙare abin riƙewa ne. Mai karatu ya lura da kalmomin perhaps, probably da “said to be” a cikin bayani, domin ba ado ba ne, awon ƙarfin hujja ne, kuma idan zai kwafa zuwa Hausa ya kwafo su da “wataƙila” da “an ce” ɗinsu.

Ta fuskar amfani, rubutu ne zalla, ba ya cin data sosai, ko da yake tallace-tallace na rage masa sauri idan sabis ya yi rauni. An fassara shi zuwa wasu harsunan Turai da na Asiya, babu Hausa, kuma Turancin bayanin a dunƙule yake, cike da gajerun alamomi, ɗan ƙaramar sakandare zai buƙaci malami a kusa a karon farko. Tsarin da muke ba da shawara ga mai fassara shi ne ya fara da jimlar da ke gabansa ya tambayi kansa wa ke yarda, da me, kuma yana sama ne, ko takwara ne, ko an fi ƙarfinsa. Daga nan ya duba ma'anar yau da ƙaramar kalmar da ke biye a ƙamus na zamani. Sai a mataki na uku ya buɗe Etymonline, ya karanta bayanin tun daga farko har ƙarshe, domin ma'anonin da suka rayu galibi a layukan ƙarshe suke, tsohuwar da ta mutu ce ke zaune a layin farko. Duka ukun ba sa wuce minti biyar a kalma ɗaya, kuma ya kyautu a ajiye ɗan littafi a rubuta kowace kalma da Hausar da aka zaɓa mata da irin jimlar da ta fito a ciki, don kada a sake wannan tafiya gobe.